Masar da Nake Jefa wa Modi

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar auren Modi ba, ranar da na tona wa kaina asiri da bakina, a lasifika kuma.

Modi dai kun san shi, ɗan ƙwallon hannun nan da ake nunawa a talabijin yana wasa a ƙasar waje. Ajinmu ɗaya a firamare. Ni ɗan gidan malamai ne a kusa da Hubbare, shi kuwa daga Dundaye yake takowa, ba takalmi, ba karin kumallo. Da hogen ƙasa ya koyi jifa, wajen korar tsuntsaye a gonar shinkafar wani.

To, a wajen walimar sai aka ce abokin ƙuruciyar ango ya fito ya yi magana. Ba a ambaci suna ba, amma tuni na miƙe ina gyara babbar riga (ni da shi shekara ashirin ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba). Na zuba ta son raina. Na ce kwano ɗaya muke ci, na ce kullum masata rabi nawa rabi nasa. Har da share hawaye na yi. Wallahi a lokacin ni kaina na yarda da labarin.

Modi ya karɓi abin maganar yana murmushi.

"Gaskiya ta, na ci masatai," in ji shi. "Shi ma yak koya min cahe ƙwallo. Shina jehwa ta sama, in na cahe tawa ta, in ta hwaɗi ƙasa shi take ta da takalmi, yara na dariya. Har na daina bari ta hwaɗi, don ƙanwata Hajo na gida tana jira."

Wasu suka fara dariya, suka ga ba wurinta ba ne, suka haɗiye. Na tsaya kamar an dasa ni, kunya ta rufe ni. Sai a lokacin na tuna, har da takalmin.

Da aka watse, don in ɗan wanke fuskata, na ce wa yayansa ina so in gaisa da Hajo. Ya kalle ni, ya ce ai ba ta ga ƙarshen damanar shekarar da nake jefa masar ba.

Yanzu ko taron suna aka ce a tashi a ba da tarihin wani, ina zaune daram. Na gane mai ƙoshi ne kaɗai ke da damar mantuwa.