Ladidi Da Awakin Kakarta

Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma shekarar. Ina jin dai da damina ne, don na tuna an yi maganar ɗigar rufin aji, ko kuwa wannan a wani labarin ne. Amma sauran yana nan daram.

Wani matashin malami, Malam Nafi'u, ya dawo daga kwas na mako biyu da sabon ilmi: wai kowane yaro da hanyar da yake koyo, wani da ido, wani da kunne, wani sai ya taɓa da hannu. Ya raba 'yan aji uku gida uku, amma ya rasa inda zai saka wata yarinya Ladidi. Sai ya yanke cewa ta maimaita aji, ya aika a kira kakarta, Gwaggo Tambai.

Tsohuwa ta baro dakan gero ta zo ofishin hedimasta, ranta a dagule, don ta san in sa'o'in Ladidi suka wuce suka bar ta, yarinyar ta bar makaranta ke nan.

Malam ya buɗe takarda ya ce, "Gwaggo, na auna jikarki ta kowace fuska. Ido babu, kunne babu, hannu babu. Shekara guda tana gabana, ba ta ɗauki komai ba."

Tsohuwa ta ce, "Ikon Allah. Ɗan nan, kai ne mai gyara hula sau biyu kafin ka zauna?"

Ya dubi hedimasta, ya ce, "Ni ne."

"Kai ne kuma mai ɗora ƙafa kan tebur, kana danna waya, kana cewa wanda ya yi motsi zai sha bulala?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Kullum da la'asar Ladidi kan tara awakina a gindin durumi ta yi musu makaranta. Har hammarka tana yi."

Malam ya haɗe rai ya ce, "To, in tana da basira haka, me ya hana ta iya karatu?"

Amsar nan na tabbatar da ita daga bakin hedimastan kansa, wanda ya tura Ladidi aji huɗu a ranar. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce:

"Ai da ido take koyo, Malam. Ranar da ta ga ka koyar, awakina ma za su iya."