Bugu Arba'in da Takwas

Shekara goma sha biyu ina gyaran famfunan ruwa a wata masana'anta a Sharada, saboda haka ina ganin babu abin da ke tura ruwa da zai gagare ni. Ranar da abokin aikina Sabo ya ɗaura mini agogonsa mai ƙirga bugun zuciya, nawa ya nuna arba'in da takwas, nasa tamanin. Ban nemi shawarar kowa ba. Famfon da ya rage gudu, ai na san ƙarshensa.

Na bi sashe-sashe na masana'antar ina neman gafara, don na ɗauka mutuwa ce ta zo. Har manaja na shaida wa ni na fasa madubin motarsa bara, ya bi ni da kallo baki buɗe.

Sabo ne ya ja ni asibiti. Likita ta gama aune-aunenta, ta ce, "Malam, da me kuke zuwa aiki?"

"Da keke, daga Panshekara, kullum."

Ta yi dariya. "Keken ne ya ƙarfafa zuciyarku. Bugu ɗaya take ta tura jini mai yawa, shi ya sa ba ta gaggawa. In kun hau tudu, da kanta za ta ƙara sauri."

Na yi hamdala har da ƙwalla. Amma har yau in na shigo aiki, sai Sabo ya miƙe ya ce, "Ku ba da hanya, Marigayi ya iso!"