Eriyar da Ta Kalli Sama

A shekarar da tsuntsaye jan-baki suka far wa geron Bagwai, ina koyon gyaran lantarkin jirgin sama. Manoma sun zuba ido ga jirgin feshi ɗaya tak. Ogana, Injiniya Sale, ya miƙo mini eriyar da ke sanar da hasumiyar filin jirgi inda jirgin yake, ya ce in ɗaura.

Ban tambayi kowa ba. A ganina, abin da zai yi magana daga sararin samaniya ai sama zai kalla. Na kafa ta a saman jirgin, na jera wayarta tsaf kamar kitson sallah, har da 'yar waƙata.

Injiniya ya leƙa ƙarƙashin jirgin, sannan ya ɗaga kai.

"'Yata, da mala'iku za mu yi magana? Masu sauraronmu a ƙasa suke."

Bai kore ni ba, Allah ya saka masa da alheri. Tare muka warware aikin, muka mayar da eriyar ƙarƙashin jirgin, jirgi ya tashi da la'asar, gero ya tsira.

Amma har yau, in na shigo wurin aiki, sai wani ya ce, "A duba mana, takalmin nata a ƙafa yake ko a ka?"