Jakadiya Ta Rasu Cikin Rigar Sallarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan guntun mutuncin da ya rage mata, Dakta Haulat, malamar lissafi a wata jami'a a nan Doha, a madadin kanta da maigidanta Injiniya Mijinyawa, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsu mai watsa murya zuwa rediyon FM, wadda gida da waje aka fi sani da Jakadiya. Ta rasu ranar Babbar Sallah, gab da magariba, a barandar bene, motoci na jere a ƙofar gida ana jiran ta buɗe baki. Malamai sun ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mumini, yana iya cewa Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da wannan fatawa Dakta ta dogara, ta faɗa, ta kuma maimaita.

Ga wanda bai san marigayiyar ba: ƙaramar akwati ce baƙa, ba ta fi kwalin dabino ba, da eriya ɗaya a tsaye da 'yar fanka a ƙugu. Dalilin zuwanta gidan kuwa yara ne. Wata shekara Bilqis da Mashud suka dubi gidajen maƙwabta sun sha ado da fitilun Sallah, suka dubi nasu, suka ce kamar an ɗauke wuta. Injiniya ya hau tsani ya zagaye gidan da fitilu. Dakta ta fito ta duba, ta ce ado ya yi, amma Sallar da ba a jin muryar kowa a cikinta ba Sallah ba ce. Maganar lasifika kuma ba ta taso ba, don haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Sai aka tsaya a kan na'urar da za ta kai sautin cikin rediyon mota: mai son ji ya tsaya ya murɗa lambar da aka rubuta a allo a bakin ƙofa, wanda ba ya so ya wuce da barcinsa.

Injiniya ya so ya haɗa na'urar da hannunsa. Dakta ta tuna masa, cikin ladabi, fankar da ya kwance tun shekarar da aka haifi Mashud, wadda har yau tana cikin kwali tana jiran tashin ƙiyama. Ta ce haɗaɗɗiya za a saya, kuma ita za ta zaɓa. Ta zauna wa zaɓen nan kamar mai rubuta kundin digiri. Ta ƙi mai ƙarfi, don kada muryar gidanta ta wuce ƙarshen layi ta shiga hurumin wasu. Ta ƙi mai yawo, wadda za a ajiye ta a lamba ɗaya a tarar da ita a wata. Sama da komai, ta nace sai mai fanka da ƙofofin shan iska, saboda zafin garin nan. Babu baƙon da ya ci tuwo a gidan bai sha lacca a kan wannan ba: na'ura kamar mutum ce, in aka hana ta numfashi, ta tafi. Ana roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana. Injiniya dai ya riƙe ta.

Marigayiya ta yi rayuwa ta biyayya. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan maƙwabci ba, ba ta ci ba, ba ta sha ba sai ɗan lantarki. Ta isar da kabbarorin Sallah da gaisuwar yara, fitilu na lumshewa suna buɗewa daidai da muryarta. Aibinta ɗaya, ba ta iya riƙe sirri. Ranar da aka manta makirfo a buɗe, duk motar da ke layin ta ji wannan:

"Abban Bilqis, sauko daga tsanin nan, yalla, maza, kafin ka mai da ni bazawara a ƙasar mutane!"

"Khalas, an gama, Dakta, saura fitila ɗaya."

"Tun la'asar saura fitila ɗaya!"

Har yau a masallaci, Saura Fitila Ɗaya ake kiran Injiniya.

Sai dai ba don wannan motoci suke zuwa ba. Kowace Sallah, Inna, mahaifiyar Dakta, takan aiko da gaisuwa ta waya daga Gusau, a sa wa Jakadiya ta watsa. "Barkanku da Sallah, 'ya'yan mutane. Kun ci nama? Wanda bai kira uwarsa ba ya kira ta yanzu, ina nan ina jira." Malam Lado direba yakan taso tun daga garin Lusail don ya ji wannan. Ɗalhatu mai gadi a unguwar West Bay yakan roƙi canjin aiki. Har likitoci da injiniyoyi sukan faka, gilashi a rufe saboda zafi, kuma daga bene Dakta takan ga hasken wayoyi yana tashi mota bayan mota. Nan ne, ta yarda, takan ɗan ji kanta. Ta sha gaya wa Inna cewa su fa gidan rediyo gare su.

Bana Allah ya kawo Inna Doha a karo na farko. Dakta ta shelanta wa kowa cewa wannan karon ba saƙon waya ba ne, Inna ce da kanta za ta yi magana kai tsaye. Wanda bai taɓa zuwa ba ma ya ce zai zo.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne a cikin jakar tsaraba, tsakanin daddawa da kuka. Tun tana Gusau Inna ta ga hoton Jakadiya, ta ga abu mai daraja haka a tsirara, abin ya dame ta. Rediyon marigayi mijinta bai taɓa kwana ba riga ba. Don haka ta zauna wata da watanni, da idon da ya fara gajiya, ta saƙa mata riga ta ulu da kwarashi, kore da fari, ta yi mata shafi mai kauri saboda ƙura, ta bar ƙofa ɗaya tak, ta eriya. Da hantsin Sallah ta sa mata da hannunta, ta ja igiya ta ɗaure, ta ja baya tana kallon 'yarta.

Dakta ta ga fanka ta rufe. Ta ga ƙofofin iska sun rufe. Duk laccar da ta taɓa yi ta dawo mata. Ta dubi yatsun tsohuwar, ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne: Masha Allah, Inna, ta yi kyau. Injiniya ya ɗaga kai yana nazarin silin, kamar yau ya fara ganinsa.

Niyyar Dakta ita ce ta zare rigar da zarar Inna ta tashi. Inna ba ta tashi ba. Ta shimfiɗa dardumarta kusa da Jakadiya, nan ta yi la'asar, nan ta zauna tana bitar abin da za ta faɗa. Aka kunna marigayiya tana kabbara. Da farko muryarta ta dushe, sannan ta soma tari. Wani ƙauri ya tashi, Inna ta yaba wa maƙwabta da suka iya babbakar kan rago. Da aka miƙa mata makirfo, ta gyara zama ta yi bisimilla. Kalmar ƙarshe da Jakadiya ta isar a duniya ita ce:

"Assalamu alai..."

Daga nan sai shuuu, sai shiru.

Fitilu suka ci gaba da ƙyaftawa kamar bebaye. Dakta na tsaye, tana harhaɗa jawabin ban haƙuri a zuci, tana neman inda za ta sa fuskarta. Inna ta leƙa ƙasa, ta tambaya ko waɗancan ne mutanen. Aka ce su ne. Ta ce to ai ga su nan kusa. Ta yafa mayafi, ta sauka a hankali tana dafa bango, ta je ta ƙwanƙwasa gilashin motar farko, ta ƙarasa sallamarta.

Gilasai suka sauka, ƙofofi suka buɗe. Manyan mutane suka fito cikin zafin nan suna durƙusawa a kan kwalta. Ta tambayi kowa garinsu da sunan mahaifinsa, ta sa aka fito da tabarmi da soyayyen nama, ta tsare Ɗalhatu sai da ya kira uwarsa a gabanta. Duk shekarun nan Dakta ba ta taɓa ganin Malam Lado a tsaye ba. Ashe dogo ne.

Marigayiya ta bar eriya ɗaya, da makirfo, da allon lamba wanda yanzu ba ya nuna komai, da fitilu masu yawa, ciki har da ɗayar nan da ta rage. Ba a roƙa mata gafara, don ba ta da hisabi. Mai son yin addu'a ya yi wa wadda ta san gaskiya ta yi shiru, kuma ba ta yi nadama ba.

Injiniya ya nemi a ba shi gawar ya bincika. An hana shi, don kada ta ƙare a kwali ɗaya da fanka. Za a kai ta wurin tara matattun kayan lantarki ranar Alhamis, ba tare da rigar ba, wadda aka wanke aka adana. Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gida, Inna ce za ta karɓa, kuma ana roƙon kowa ya fito daga motarsa.

An gaya wa Inna kwana ne ya ƙare, kuma a haka za a bar maganar. Da gangan aka rubuta wannan sanarwa da boko, don ita ajami take karantawa. A ƙarshe, iyalin na neman addu'ar jama'a ga na'urar intanet ɗin gidan, wadda Inna ta auna da taƙi jiya da safe. Ta ce wannan karon za ta ninka ulun, don ta lura sanyin ɗakunan nan ne yake kashe na'urori. Dakta ta ga kalar zaren. Ta ce Masha Allah.