Sha Takwas Cikin Ashirin

Allah ya yafe mini, ni na hana ƙanena Idi aiki. Da ya dawo daga karatu a Dakar, ya ce ya ci maki sha takwas cikin ashirin. Ni da ban wuce allo ba, sai na ji kamar ni na ci.

Lokacin wani kamfanin gyaɗa a Damagaram yana neman akawu. Inna ta ce, "Ku fara kai goro ga tafintan baturen kamfanin, ku gaishe shi."

Na ce, "Haba Inna, mai sha takwas ba ya durƙusa wa kowa." Goron ma maroƙi na ba, ya zaga kasuwar Matameye yana shelar makin Idi.

A biro, wato ofishin kamfanin, ba wanda ya dubi makin. Tafinta ya ce, "Yaron wa ne? Ban san shi ba." Aka ɗauki ɗan ajinsu mai sha ɗaya, wanda kawunsa ya riga ya kai gaisuwa.

Daga baya Idi ya samu koyarwa a Kance. Shi ya yafe. 'Yan kasuwa kuwa, har yau in na gitta sai su ce, "Sha Takwas, ga goro, durƙusa ka ɗauka!"