Hancin Kawu Injiniya

"Duk abin da aka ɗaura da sukuru a duniyar nan, in na kalle shi sau ɗaya sai ya faɗa mini ciwonsa da bakinsa."

Da wannan kirari Kawu Injiniya yake shiga kowane gida. Kada ki tambaye ni makarantar da ta ba shi injiniyancin, ƙawata, shi ya raɗa wa kansa. Ƙanin babana ne, kuma a gidanmu fanka biyu da rediyo ɗaya da dutsen guga sun riga mu gidan gaskiya a hannunsa. A bayan idonsa Sarkin Kwance muke ce masa, don har yau ba a ga abin da ya mayar ba.

Kakanmu, wanda muke kira Tsoho, yana da wata kyamara mai fim da ta girmi babana. Da ita ya ɗauki Inna, kakarmu, a bakin taga, tun tana yi masa yanga. Bana likita ya ce ganinsa yana raguwa. Ya dawo gida, sai da ya same ni ni kaɗai ya ce yana so ya sake ɗaukar ta da hannunsa, a tagar nan, tun yana iya ganin fuskarta. Na yi sati uku ina yawon shaguna kafin na samo fim ƙwaya ɗaya tak, mai hoto goma sha biyu, wajen wani dattijo mai wankin hoto.

Matsalar ita ce shota, wato ƴan siraran ƙarafan nan na cikin idon kyamara da ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawa. Shekaru sun sa ta nauyi. Dattijon ya ce in kawo masa ya goge ta, ya kuma ja mini kunne: bushe take aiki, ko ɗigon mai kada ya taɓa ta.

Tsautsayi ya sa na faɗi haka a gaban Kawu.

"Ƙarfe ba mai?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ƴata, wannan mai wankin hoton tsufa ya fara taɓa shi. Miƙo nan."

Kafin in buɗe baki ya baje kayan aiki a teburin cin abinci: sukundireba mai kaurin yatsa, da wuƙar yanka albasa, da man keken ɗinkin mamata. Sukuru na farko ya gwigwiye masa kai. Na biyu ya gangara ƙarƙashin kabad. Wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya bar ɗakin, Kawu ya ce dama ya gaji, hutu ya tafi. Sai ya tsiyaya wa shota mai kamar mai shirin suya, ya mayar da komai da ƙarfin tsiya. Sukuru uku suka rage a faranti.

Na nuna masa. Ya ce kamfani ne ya cusa su don ado.

Washegari da hantsi Inna ta yi kwalliya tana mita, wai ita da tsufanta za a mai da ta ƴar tsana. Amma sau uku ta sake ɗaurin ɗankwali, ina lura. Ta zauna a bakin taga. Tsoho ya ɗora kyamara a ido, ya daɗe yana saiti, ya danna.

Shiru.

"Ba ka iya ba ne, Baba, kawo." Kawu ya fizge, ya juyo da idon kyamarar ya kafa fuska yana leƙe. Sai ga ƙyas.

Ya ce ai ga shi ta yi, gwaji ne. Ya murɗa fim, Tsoho ya sake dannawa, shiru, Kawu ya sake fizga ya leƙa, ƙyas. Man ne ya riƙe ta, sai ta yi dogon tunani kafin ta motsa, shi kuwa gwanin bai taɓa barin ta ta gama tunanin ba. Ya hura mata iska, ya buga ta a tafin hannu, ya zagi kamfanin da ya ƙera ta har da iyayen kamfanin. Ni ina tsaye ina kallon ƴar lambar da ke saman kyamara tana hawa, tara, goma, sha ɗaya. Saura ɗaya.

Da ya sake miƙo hannu, Tsoho ya doke shi da gwiwar hannu.

"Zauna, ɗan nan."

Ya danna, ya tsaya cak, kyamara a ido, bai motsa ba. Inna ta ce ya haƙura mana, abin nan ya mutu.

"Shekara biyu na jira kafin ki amsa mini gaisuwa," in ji shi. "Wannan ɗan jiran ne zai gagare ni?"

Inna ta fashe da dariya, ta kai hannu za ta rufe baki. Ƙyas.

Bayan kwana uku muka je karɓo hotuna, Kawu a gaba yana taƙama. Dattijo ya miƙo guda ɗaya: Inna tana dariya, hasken taga a kumatunta. Tsoho ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe bai sauke ba.

"To, kun ga aiki," in ji Kawu. "Ina sauran sha ɗayan?"

Dattijo ya ce goma suna cikin ambulan, ɗaya kuwa ya ƙara masa girma. Ya nuna gilashin shago. Can ga wasu ramuka biyu baƙaƙe ƙirin kamar bakin murhu, da gashi cirko-cirko, a ƙasa an rubuta: Kada ka ba mai wannan hancin kyamararka.

Kawu ya gyara wuyan riga, ya ce ai hanci hanci ne, wa zai gane na wane.

Bai rufe baki ba wani mai gyaran takalma da ke wucewa ya tsaya, ya dubi gilashi, ya dube shi.

"A'a, Injiniya, sannu. Ashe kai ma ka fara fitowa a talla."