Ranar da Na Zama Injiniya

Maigidana ya sayo wata 'yar kwamfuta tsirara marar murfi, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ya ce manhajarta ta yi nauyi, zai zuba wata a memori. Sau biyu na ga yana gwadawa, shi ke nan na ɗauki kaina gwana.

Ranar da ya tafi aiki Sangere, na ce bari in ba shi mamaki. Ban ga memorinsa ba, sai na zare na wayata na sa a laftof ɗinsa. Wani jan rubutu ya fito da Turanci, na danna cikin isa.

Manhaja ta hau lafiya lau. Da na mayar da memorin wayata, babu komai, har hotunan marigayi Babana da na gudo da su daga Mubi.

Maigidana ya dawo ya tarar da ni ina kuka, 'yata Ummi a bayana tana taya ni. Ya ce, "Maman Ummi, ai tun bara na kwafe su." Na zube ƙasa ina hamdala.

Har yau in wayar wani ta lalace, yayar maigidana Adda Hauwa sai ta ce, "Ku kai wa Injiniya, amma ku cire memori tukuna."